Daga Littafi Zuwa Fim: Ran Wa Aka Sadaukar a Labarin Yogisha X no Kenshin?

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka mayar da wani ƙagaggen labari zuwa fim, muhawara ɗaya ce takan taso tsakanin waɗanda suka karanta da waɗanda suka kalla. Na farko su ce an ɓata littafi, na biyu su ce fim ya fi armashi, a ƙarshe a tashi baram-baram, domin kowane ɓangare da irin ma'aunin da yake riƙe da shi. Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce ga manazarcin adabin Hausa. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya samu daga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Haka kuma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya bi wannan hanya a shekarun 1990. Saboda haka, malamin Hausa ba zai rasa haɗuwa da ɗalibin da ya kalli fim, ya kuma ɗauka ya gama da littafi ba.

Wannan maƙala za ta ɗauko misali daga nesa, wato daga ƙasar Japan, inda wani littafi guda ya haifi finafinai a ƙasashe huɗu. An zaɓe shi ne saboda yana ba da damar a ga labari ɗaya a hannun mutane daban-daban, kuma tauraronsa malamin makaranta ne. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa mai shirya fim yana da 'yancin sauya suna da gari da al'ada, har ma da 'yan wasa, amma idan ya taɓa tambayar da marubuci ya gina labarinsa a kanta, to wani labarin ya bayar, ko da kuwa ya riƙe duk sauran abubuwan. Tilas ne a fayyace sirrin labarin a nan, domin ba a iya nazarin jigo ba tare da an kai ga ƙarshen zance ba.

2.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi Keigo Higashino a birnin Osaka a 1958. Ya karanci injiniyancin lantarki, ya kuma yi aiki a wani kamfanin ƙera kayan motoci kafin ya rungumi rubutu gadan-gadan, bayan littafinsa Hokago ya ci lambar yabo ta Edogawa Rampo a 1985. Wannan tushe na kimiyya ya bayyana a yawancin ayyukansa, musamman jerin labaran da ya gina a kan wani malamin jami'a masanin fiziks mai suna Manabu Yukawa, wanda 'yan sanda suke yi wa laƙabi da Galileo.

Littafin da ake magana a kai, Yogisha X no Kenshin, yana cikin wannan jeri. Ma'anar sunan ita ce sadaukarwar X, mutumin da ake zargi. Ya fito a 2005, ya ci lambar yabo ta Naoki a farkon 2006, wadda tana cikin manyan lambobin adabi na Japan. A 2011 Alexander O. Smith ya fassara shi zuwa Ingilishi da sunan The Devotion of Suspect X, daga nan ya bazu a duniya. Littafin yana cikin rukunin labaran bin diddigin laifi, sai dai ya saɓa wa yadda aka saba tsara su. A bisa al'ada, akan ɓoye wa mai karatu wanda ya yi kisa har sai shafin ƙarshe. Shi kuwa Higashino tun a farkon littafi ya nuna wanda aka kashe, da waɗanda suka kashe shi, da wanda ya taimaka aka ɓoye. Jan ran da ke cikin labarin ya koma kan yadda aka yi ɓoyon, da abin da ɓoyon ya ci.

3.0 Taƙaitaccen Labarin

Tetsuya Ishigami malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Tokyo. Haziƙi ne na gaske, wanda abokan karatunsa suka zaci zai zama babban masani a jami'a, amma ɗawainiyar iyayensa ta hana shi ci gaba da bincike. Yana zaune shi kaɗai, ba mata ba aboki. Maƙwabciyarsa Yasuko Hanaoka bazawara ce mai aiki a shagon sayar da abinci, tana zaune da 'yarta Misato. Kullum da safe Ishigami yakan biya ta shagon ya sayi abincin rana, don dai ya gan ta, amma bai taɓa furta mata komai ba.

Wata rana tsohon mijin Yasuko, Shinji Togashi, wanda ya daɗe yana bibiyarta yana tatsar kuɗinta, ya gano inda take, ya kutsa mata gida. Rikici ya kaure, yarinyar ta buge shi a ka, ya huce a kanta da duka, uwar ta shaƙe shi da wayar lantarki har ya mutu. Ishigami ya ji motsin ta bango, ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa, cikin ɗan lokaci ya gane abin da ya faru. Ya ce su bar masa komai, su dai bi umarninsa.

Bayan kwana biyu aka tsinci gawa a bakin tsohon kogin Edogawa, an farfasa fuskarta, an ƙone yatsunta. Kusa da ita akwai keken sata mai ɗauke da zanen yatsu, wanda ya yi daidai da wanda aka samu a ɗakin hayar da Togashi ya kama. 'Yan sanda suka yanke cewa gawar Togashi ce, kuma an kashe shi a daren 10 ga Maris. Jami'in bincike Kusanagi ya zargi Yasuko, amma duk inda ya ɓullo sai ya tarar da shaida: a wannan dare ita da 'yarta sun je sinima, sun ci taliya a wani shago, sun kuma shiga gidan rera waƙa. Ga tikiti, ga waɗanda suka gan su. Kusanagi ya kai kukansa ga abokinsa Yukawa, wanda ashe tare suka yi jami'a da Ishigami, ya kuma san irin ƙwaƙwalwarsa.

Yukawa ne ya gano gaskiya. An kashe Togashi ne a ranar 9 ga wata. Washegari Ishigami ya yaudari wani marar gida da ke kwana a bakin kogin Sumida da alƙawarin aiki, ya sa shi ya zauna a ɗakin hayar Togashi don gashinsa da zanen yatsunsa su zauna a can, ya sa shi ya hau keken, sannan da dare ya kashe shi ya lalata kamanninsa. Gawar Togashi kuwa ya ɓatar da ita a kogi. Ke nan, Yasuko ba ta taɓa yi wa 'yan sanda ƙarya game da daren 10 ga wata ba, domin kisan da suke bincike a kai ba ita ta yi ba, ba ta ma san an yi shi ba. Da Ishigami ya ga Yukawa ya matso, sai ya miƙa kansa, ya ce shi ya kashe Togashi, ya kuma shirya shaidun da suka nuna shi a matsayin mugun mutum mai bibiyar matar da ba ta son shi. Yukawa ya je ya gaya wa Yasuko komai. Ta kasa riƙe abin, ta kai kanta ga hukuma. Littafin ya ƙare da Ishigami yana kururuwa kamar ransa zai fita, domin duk abin da ya gina ya rushe.

4.0 Inda Zuciyar Labarin Take

Mai karatun da ya yi gaggawa zai ce jigon wannan littafi shi ne soyayya, kuma yana da hujja. Marubucin ya nuna cewa ranar da Yasuko da 'yarta suka ƙwanƙwasa ƙofar Ishigami don gaisuwar sabuwar maƙwabtaka, yana shirin rataye kansa ne, ganinsu ya sa ya fasa. Tun daga ranar ya ɗauki rayuwarsa a matsayin bashin da suke bin sa. Bai nemi aure ba, bai nemi godiya ba. Har a wasiƙarsa ta ƙarshe ya shawarce ta da ta auri Kudo, mutumin da ke nemanta, ta manta da shi. Wannan sadaukarwa tana taɓa zuciya.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata a yi: me aka sadaukar, kuma na wane ne? Ishigami ya ba da 'yancinsa da mutuncinsa, waɗannan kuwa nasa ne, yana iya yin kyauta da su. Amma ya haɗa da ran wani mutum wanda bai san Yasuko ba, bai san Togashi ba, bai yi wa kowa laifi ba. An zaɓe shi ne kawai saboda idan ya ɓace babu mai cigiyarsa. A nan ne, a ganina, zuciyar littafin take.

Dubi yadda marubucin ya tsara abin. Tun a babin farko mai karatu yana bin Ishigami a hanyarsa ta zuwa makaranta, yana ratsa rumfunan tampol na marasa gida a bakin kogin Sumida. An siffanta wasu daga cikinsu, har da wanda Ishigami yake kira Injiniya a ransa saboda ya gan shi yana karanta mujallar masana'antu, alamar bai daɗe da rasa aikinsa ba. Daga baya aka sake bi ta wurin, bencin da yake zama a kai babu kowa. Mafi yawan masu karatu ba sa lura. Sukan ɗauki wannan siffantawa a matsayin ado, kamar yadda akan siffanta itatuwa da gadoji. Wato dabarar Ishigami ta yi aiki a kan 'yan sanda da masu karatu saboda dalili ɗaya: idonsu bai saba ƙirga irin waɗannan mutane a cikin mutane ba. Bayan fitowar littafin an yi muhawara a kansa tsakanin marubutan Japan, inda marubuci kuma mai sharhi Kiyoshi Kasai ya ja hankali ga wannan makanta ta masu karatu game da marar gidan.

Wannan kuwa ba ƙirƙira ce tsagwaronta ba. Bayan tattalin arzikin Japan ya durƙushe a farkon shekarun 1990, mutane da dama sun rasa ayyukansu, rumfunan shuɗin tampol suka yawaita a lambunan shaƙatawa da bakin koguna. A 2002 aka yi doka ta musamman don tallafa wa marasa gida, kuma ƙidayar da gwamnati ta yi a 2003 ta sami mutum 25,296 a faɗin ƙasar. Adadin ya ragu ƙwarai tun daga lokacin, ya koma ƙasa da 3,000 a 2024, amma a shekarar da littafin ya fito mutanen Tokyo suna wuce waɗannan rumfuna safe da yamma.

Har ila yau, marubucin ya ba da mabuɗin labarin ta bakin Ishigami kansa, inda ya bayyana wa Kusanagi yadda yake tsara jarrabawa. Yakan kawo tambayar da ta yi kama da lissafin siffofi, alhali ta aljabara ce, don ya kama ɗalibin da ke amsa abin da ya zata maimakon abin da aka tambaya. Haka ya yi wa 'yan sanda: suna ta fama da tambayar ina matar take a daren, alhali tambayar ita ce gawar wane ne. Haka shi ma Higashino ya yi wa mai karatu. Ya miƙa masa labarin da ya yi kama da na soyayya, alhali tambayar da ke ƙasa ta darajar ran ɗan Adam ce. Shi ya sa ƙarshen ya zama dole. Yasuko ba za ta iya gina farin ciki a kan gawar wanda bai ji ba bai gani ba. Ishigami ya lissafa komai ya manta da zuciyar wadda yake yi wa aikin, kyautar tasa ta zame mata kaya mai nauyin da ya fi na laifinta na farko. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

5.0 Yadda Finafinai Huɗu Suka Ɗauki Labarin

5.1 Fim ɗin Japan na 2008

Hiroshi Nishitani ne ya ba da umarni, Masaharu Fukuyama ya fito a Yukawa, Shinichi Tsutsumi a Ishigami, Yasuko Matsuyuki kuma a Yasuko. Fim ɗin ya biyo bayan wasan talabijin mai suna Galileo da tashar Fuji ta fara nunawa a 2007, saboda haka ya gaji wasu abubuwa daga can, musamman 'yar sanda Kaoru Utsumi, wadda Kou Shibasaki ta fito a matsayinta, alhali babu ita a wannan littafi. An kuma ƙara wata fitowa ta hawan dutse cikin dusar ƙanƙara, inda mai kallo yake fargabar ko Ishigami zai halaka abokinsa. Wani sauyin shi ne na kamanni. Ishigamin littafi mutum ne mai ƙiba da faffaɗar fuska da sanƙo, wanda ya fid da rai daga samun mace, Tsutsumi kuwa kyakkyawan jarumi ne da ya rusunar da kafaɗa ya sassauta murya don ya shiga rigar.

Duk waɗannan sauye-sauye ba su taɓa ginshiƙin ba. Kyamara ta ratsa rumfunan bakin kogi tun da wuri, Yukawa ya gano gaskiya cikin baƙin ciki, Yasuko ta zo ta durƙusa tana kuka tana cewa ita ma za ta karɓi nata hukuncin, Ishigami ya fashe da kururuwa. Fim ɗin yana cikin finafinan Japan da suka fi ciniki a wannan shekara, abin da ke nuna cewa ƙarshe mai ɗaci bai kori masu kallo ba.

5.2 Fim ɗin Koriya ta Kudu na 2012

Wannan fim, wanda aka fitar a ƙasashen waje da sunan Perfect Number, mace ce ta ba da umarninsa, wato Bang Eun-jin. Ryoo Seung-bum ya fito a malamin lissafi, Lee Yo-won a maƙwabciyar. An mayar da yarinyar 'yar 'yar'uwarta maimakon 'yar cikinta. Babban sauyin shi ne cire masanin fiziks gaba ɗaya, aka haɗe shi da jami'in bincike suka zama mutum ɗaya, wanda Cho Jin-woong ya fito a matsayinsa, tsohon abokin karatun malamin.

Ta fuskar tsarin fim wannan dabara ce mai ma'ana, domin rage 'yan wasa yakan sa labari ya miƙe. Amma an yi asara. A littafi Yukawa ba ɗan sanda ba ne, babu dokar da ta tilasta masa ya tona abokinsa, babu kuma ƙarin girman da zai samu. Abin da ya hana shi yin shiru shi ne sanin cewa an kashe wani, kuma matar da aka yi domin ta ba ta sani ba. Idan aka mayar da shi ɗan sanda, ja-in-jar takan koma tsakanin aiki da abota, wadda tsohuwar hanya ce da finafinai suka sha bi. Fim ɗin ya karkata ga soyayya da hawaye, fafatawar ƙwaƙwalwa biyu ta ja baya.

5.3 Fim ɗin Ƙasar Sin na 2017

Alec Su ne ya ba da umarni, Wang Kai ya fito a masanin, Zhang Luyi a malamin lissafi, Ruby Lin kuma a matar. An mayar da sunaye da wurare na Sin, an kusantar da masanin ga aikin 'yan sanda, an kuma faɗaɗa tarihin abotar mutanen biyu ta hanyar waiwaye zuwa ƙuruciyarsu. A sauran abubuwa ya bi sawun littafin da na fim ɗin Japan, har zuwa miƙa kai da matar ta yi. Wannan fim ya nuna cewa ana iya ɗauke labari daga ƙasa zuwa ƙasa ba tare da ginshiƙinsa ya karye ba.

5.4 Fim ɗin Indiya na 2023

Wannan shi ne wanda ya fi kusa da mai kallo Bahaushe, ganin daɗaɗɗiyar shaƙuwar da ke tsakaninsa da finafinan Indiya. Sunansa Jaane Jaan, Sujoy Ghosh ya ba da umarni, Netflix ta fitar da shi a watan Satumba na 2023. An kai labarin garin Kalimpong mai duwatsu da hazo. Kareena Kapoor Khan ta fito a Maya, mai shagon shan shayi da abinci, Jaideep Ahlawat a malam Naren, Vijay Varma kuma a sufeto Karan, wanda shi ma haɗin jami'in bincike ne da tsohon aboki. Wasan da Ahlawat ya yi abin yabo ne, domin ya fito da kaɗaici da kunyar malamin fiye da yadda magana za ta iya.

Amma fim ɗin ya yi abubuwa biyu da suka juya labarin. Na farko, ya ƙara wa mijin mugunta, ya mayar da shi lalataccen ɗan sanda mai barazanar jefa 'yar cikin irin rayuwar da uwar ta gudo daga gare ta, ta yadda mai kallo ba zai ji ɗigon tausayinsa ba. Na biyu, ya sauya ƙarshe. Malamin ya amsa laifi ya tafi kurkuku, inda ya sami natsuwar ci gaba da lissafinsa, Maya da 'yarta suka ci gaba da rayuwarsu. An nuna wa mai kallo cewa an kashe wani marar galihu a madadin mijin, amma an nuna shi ne a matsayin warwarar ƙulli, wato abin da zai sa a jinjina wa basirar malamin. Babu wanda ya ɗauki nauyin wannan rai a zuciyarsa. Lissafin da ya rushe a littafi, a nan ya fita daidai, kowa ya sami abin da yake so in ban da mutum ɗaya.

6.0 Hujjar Masu Kare Wannan Sauyi

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Masu kare ƙarshen Jaane Jaan za su ce, da farko, fim aiki ne mai zaman kansa, ba bawan littafi ba ne. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai neman a kwafe littafi shafi bayan shafi. Littafi yana shiga cikin tunanin mutum, fim kuwa sai abin da ido ya gani da wanda kunne ya ji, kuma sa'o'i biyu ba za su ɗauke shafuka ɗaruruwa ba. Amma wanda yake da 'yancin sauyawa, ya buɗe ƙofar a tambaye shi abin da sauyin nasa yake faɗa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Za su ce matar da aka zalunta shekara da shekaru, wadda ta yi kisa garin ceton 'yarta, ba ta cancanci kurkuku ba, kuma ƙarshen littafin ya hukunta wadda aka cuta. Lallai wannan magana tana da nauyi, kuma Higashino kansa bai nuna Yasuko a matsayin muguwa ba. Sai dai abin da ya kai ta ga hukuma ba mutuwar Togashi kaɗai ba ce, domin ta yi makonni tana ɓoye wannan. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne sanin cewa an sayi 'yancinta da jinin wani, kuma wani yana tsare dominta. Miƙa kanta da ta yi shi ne karo na farko a labarin da ta yanke wa kanta shawara, bayan mijin da ya juya ta da tsoro, da maƙwabcin da ya juya ta da alheri. Fim ɗin da ya bar ta cikin rashin sani ya ba ta 'yanci, amma ya hana ta wannan matsayi. Bugu da ƙari, idan hujjar ita ce tausayin wanda aka zalunta, to wa aka fi zalunta a labarin nan fiye da mutumin da aka kira da sunan ba shi aiki aka kashe shi? Tausayin da ya ga kyakkyawar jaruma ya kasa ganin mai tsumma, shi ne ainihin makantar da littafin ya zo ya tona.

7.0 Darasi ga Malami Mai Koyon Aiki

Abu na farko da ya kamata malami ya ɗauka shi ne hanyar kwatanta littafi da fim a aji. Jera bambance-bambance kawai, a ce a littafi 'ya ce a fim 'yar 'yar'uwa ce, a littafi Tokyo a fim Kalimpong, aikin hadda ne. Abin da ya fi amfani shi ne a sa ɗalibi ya fara gano jigon littafin da hujjojinsa daga cikin matani, sannan ya ɗauki kowane sauyi ya auna shi: wannan ya taɓa jigo ko tufafi kawai ya sauya? Da wannan ma'auni za a ga cewa ƙara 'yar sanda ko hawan dutse bai yi wata ɓarna ba, amma cire fitowa guda a ƙarshe ya juya ma'anar labarin baki ɗaya. Ana iya gwada wannan hanya a kan Shaihu Umar da wasansa da fim ɗinsa, ko a kan duk wani littafin Hausa da aka mayar fim.

Abu na biyu shi ne a koya wa ɗalibai lura da ƙananan 'yan wasa. An saba a nazarin ƙagaggen labari a tsaya kan tauraro da abokan tafiyarsa, a wuce bara da ɗan aike da mai gadi. Wannan littafi ya nuna cewa marubuci yana iya ɓoye dukkan saƙonsa a jikin mutumin da bai ko ba shi suna ba.

Abu na uku ya shafi malamin kansa. Ishigami ya san lissafi, har yakan yi ƙoƙarin nuna wa ɗalibi mai son tseren babur inda lissafi ya shafi abin da yake so. Duk da haka, ilminsa bai hana shi kallon ɗan Adam a matsayin lambar da ake cirewa a maye gurbinta da wata ba. Malamin da zai tsaya gaban aji mai cike da yara yana bukatar ya tuna da wannan, domin a kowane aji akwai na bencin baya wanda zai yi mako bai zo ba, ba a lura ba.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga yadda littafin Keigo Higashino na 2005 ya zama fim a Japan da Koriya ta Kudu da Sin da Indiya, kowanne da irin sauyin da ya yi. An nuna cewa sauyin harshe da wuri da 'yan wasa halal ne ga mai fim, har ma wajibi ne a wasu lokuta. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarshen labarin, domin a nan ne ake sanin ko ran marar gidan ya shiga lissafi ko bai shiga ba. Finafinan Japan da Sin sun bar sadaukarwar ta rushe kamar yadda marubucin ya tsara, na Indiya kuwa ya bar ta ta yi nasara, ya kuma sallami mai kallo yana yaba wayon mai kisa. Ɗalibin da ya kalli wannan fim kaɗai ya ji labari mai daɗi, amma bai gamu da tambayar da aka rubuta littafin dominta ba, kuma aikin malaminsa ne ya kai shi gare ta.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya tsarin wannan littafi ya saɓa wa na sauran labaran bin diddigin laifi?
2. Marubucin maƙalar yana ganin soyayya ba ita ce babban jigon littafin ba. Kawo hujjojinsa, sannan ka bayyana naka ra'ayin.
3. Me aka samu, me kuma aka rasa, da aka haɗe masanin fiziks da jami'in bincike suka zama mutum ɗaya?
4. Zaɓi wani ƙagaggen labarin Hausa da aka mayar fim, ka kawo sauyi biyu da aka yi, ka nuna wanda ya taɓa jigo da wanda bai taɓa ba.